Yadda Riƙe-min Ta Koyi Rashin Iyawa

A asibitin haƙorin da ke saman shagon gilashi, Riƙe-min ake ce mata. Likita ne ya raɗa mata sunan ba da niyya ba: riƙe min fitila, riƙe min kansa, riƙe min wannan. Da shara ta fara tana da shekara ashirin da biyu, aka ƙara mata girma zuwa wankin kayan aiki, daga nan ta tsaya gefen kujera da bututun zuƙe miyau tana kallo.

Likita mutum ne mai harkoki. Yana da gonar kaji a bayan gari, don haka kwana uku a mako yakan leƙo da safe, ya gaisa da masu jira, ya ce yana zuwa. Ita ke wanke haƙora, ita ke ciko, ita ke yin allura a dasashi ta cire wanda ya ruɓe. Doka ta hana, amma doka ba ta taɓa hawa matakalar nan ba. Tsofaffi har tambaya suke yi wace rana ce Likita ba ya nan, wai hannunta ya fi sauƙi.

Asabar da Lahadi take zuwa ajin karatun manya. Sau uku ta zauna jarrabawar kimiyya kafin ta haye. Ranar da takarda ta zo daga makarantar likitancin haƙori ana kiranta intabiyu nan da mako biyu, mijinta, direban bas, ya karanta sau biyu ya ce, "To, uwar yara, mu ma sai mu fara bin layi kafin mu gan ki."

Likita bai yi dariya ba. Ya kira ta ofis ya tura ƙofa.

"Na taya ki murna. Me za ki ce musu kina yi a nan?"

"Abin da nake yi, ranka ya daɗe."

"Wato ki kashe ni. Rabin masu zama a teburin intabiyun nan 'yan hukumar likitoci ne. Ni su karɓe min lasisi, ke su ce kin yi aikin likita ba izini, su rufe miki ƙofa har abada. Wanki kike yi, kina miƙo kaya. Shi ke nan."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba ƙarya ya faɗa ba.

Ya ɗauki nauyin shirya ta da kansa, abin da ya kira gudummawarsa. A intabiyun ana ajiye kan mutum na roba mai haƙora, a ba mutum ɗan madubi da tsinken dubawa a ga hannunsa. Hannun nan shi ne matsalarta. Da ta ɗauki madubi, yatsa ya nemi haƙorin da zai dogara a kai, ƙafa ta jawo kujera, hagu ta gyara fitila.

"Wannan hannu ai ko makaho ya san ya daɗe a baki," in ji Likita.

Kullum bayan an tashi sai ya sa ta damƙe madubi kamar ludayi, ta tsaya ta inda take tare wa kanta haske, ta ɗan yi rawar hannu. In ta manta ta yi daidai, ya buga tebur. A shekara goma sha huɗu, darasin farko ke nan da ya zauna ya koya mata.

A gida ba ta magana, kwanuka ne ke ji a jikinsu.

"Ki yi daidai kawai mana, ki ce baiwa ce," in ji mijin.

"Kai in mutum ya ja baya da bas a lungu bai goga ba, ya ce maka yau ya fara tuƙi, za ka yarda?"



Ranar intabiyu mutum biyar ta tarar. Ta amsa tambayoyinsu tsaf. Sannan wata dattijuwar likita ta turo mata kan roba. Riƙe-min ɗaliba ce mai ɗaukar karatu, ta yi yadda aka koya mata ba kuskure. Madubin ya ƙwanƙwasa haƙorin gaba. Dattijuwar ta dubi takarda, ta dube ta.

"Shekara goma sha huɗu a gefen kujera?"

"E, ranki ya daɗe."

"Ba ki taɓa sha'awar kallon yadda ake riƙewa ba?"

Ta ce tana da yawan aiki.

Amsa ta zo cikin ladabi: ba ta samu ba saboda raunin hannu, tana iya sake nema baɗi. Likita ya jajanta mata ƙwarai, ya ce komai lokaci ne, ya ɗauki makullin mota. Mutum shida na jira a benci.

Ta fito ta gaya musu likita ba ya nan, ita kuma wanki take yi. Wani tsoho da kumburarren kunci ya ce, "Haba 'yata, ba ke kika cire min wancan ba?" Ta kau da kai don kada ta ga kuncin, ta rubuta musu lambar Likita ɗaya bayan ɗaya, ta ce kada su gaji da kira. Cikin minti arba'in ya dawo da dusa a takalmi, yana huci. Ta miƙa masa safar hannu.

Yanzu kullum yana nan, ita tana gefe da bututu tana kallon yadda yake soka allura sau biyu kafin ta kama. Ta sake cike fom. Ta kuma sayi kan roba ta ɗaure a teburin ɗakinta da rasit ɗinsa, don baɗi in an tambaye ta inda hannunta ya koya, ta sami abin nunawa.