Rewi Paki da Karyarsa Pango

Rewi Paki ya buɗi ido a gindin wani dutse mai daji, zamanin da ake saran manyan itatuwa ana sauko da su a ƙaramin jirgin ƙasa. Ubansa mai zarto ne, shi ma da zarto ya fara. Da gwamnati ta hana sara ta killace dajin, sai aka cire ƙarafan jirgin, hanyar ta koma ta masu yawon shan iska, aka ba Rewi gyaranta. Shekara ashirin da shida yana kawar da itacen da ya faɗi, yana gyara rufin bukkar matafiya.

Doka ɗaya ce bai taɓa bi ba, ta hana kare shiga dajin. Yana da karyar farauta mai suna Pango, duk inda ya sa ƙafa tana nan. In an yi magana ya ce, "Ai ta fi masu yawon nan ladabi."

Shekarar da Marama, 'yar ƙanwar matarsa, ta kama aikin kula da tsuntsayen kiwi, waɗanda ba sa iya tashi sama, goma sha ɗaya ta samu a kwarin dajin. Kafin sanyi ya wuce huɗu sun mutu. Wata safiya Rewi ya ga Pango ta fito daga duhuwa da gashin tsuntsu a baki. Ya bi sawunta ya tarar da na biyar, jikinsa bai ko huce ba. Ya tona rami ya rufe shi.

Zargi ya faɗa kan maƙwabcinsa Lindsay Orr, mai karnuka uku. A taron gari Marama ta ce, "Kawu, kai ne kullum a hanyar. Ka taɓa ganin karnukansa a cikin dajin?"

"Sau ɗaya ko biyu," in ji Rewi. Ya gan su kam, amma shekara uku da suka wuce.

Aka hana Lindsay farauta, mutane suka daina amsa gaisuwarsa a kanti. Bai cika shekara ba ya sayar da gida ya koma bakin teku. Rewi kuwa ya kai Pango birni wurin yayarsa, wai karyar ta tsufa. Mutuwar tsuntsaye ta tsaya, kowa ya ƙara tabbata laifin Lindsay ne.

Shekara tara abin yana cinsa. In masu yawo suka ji kukan kiwi suka yaba masa, sai ya sunkuyar da kai ya kama wani aiki. Ranar da ya kasa daurewa ya gaya wa Marama, sai ta ce:

"Kawu, da bakina ka kori mutumin nan. Tashi ka je ka same shi."

Tuƙin awa biyar ya yi. Lindsay ya saurare shi har ƙarshe, ya zuba masa shayi.

"Ka tsufa, Rewi, kunnuwan ne kawai ke girma," in ji shi. Can ya ce, "Matata ta rasu bara. Har ta mutu tana zancen lambunta na can tsohon gidanmu."

Bai ce ya yafe ba, Rewi ma bai iya roƙo ba.

A taron gari na gaba ya miƙe ya faɗi komai. Rabin mutanen ɗakin sababbin zuwa ne. Wata ta juya ta tambayi na kusa da ita wane ne Lindsay.