Baba Tiyo da Baƙin Bayan Gareji

Baba Tiyo mai wankin manyan motoci ne, kuma koren tiyon ruwan da ba ya sauka daga kafaɗarsa ne ya jawo masa sunan. Tun yana saurayi yake aiki a gareji ɗaya, inda tireloli ke yada zango bayan sun ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa. Ya wanke taya, ya kankare laka a ƙarƙashin mota, ya share cikin kwantena, ruwan dattin kuma ya bi wata 'yar kwata ya malale a filin da ke bayan katanga.

Wata safiya ya zagaya filin don ya warware tiyon da ya harɗe, sai ya ci karo da wani tsiro mai ganye kamar ƙafar agwagwa. A gona ya tashi, ciyawa ba ta ɓoye masa suna, amma wannan bai san ta ba. Ya tsuguna, ya murza ganyen, ya shinshina. Da ya ƙara dubawa sai ya ga ba ita kaɗai ba ce: ga wata mai ƙaya ja, ga wata mai naɗe ganye da zarar an taɓa ta. Dukansu a bakin kwatar suka jeru. Nan take ya gane cewa a cikin lakar taya da sharar kwantena irinsu ya zo, kuma shi da hannunsa yake ba su ruwa shekara da shekaru bai sani ba.

Daga ranar direbobi suka shiga uku. Mota ba ta gama tsayawa ya tare mai ita da tambayar daga wace ƙasa kayan suka fito. Ya daina zubar da laka, sai ya kwashe ta a gwangwani ya kai gida, ya jera a gindin bango yana jiran abin da zai fito. Matarsa ta ce mazan mutane tsaraba suke kawo wa iyali, nata kuwa taɓo yake kawowa, har da murnarsa.

A cikin gwangwanayen nan aka samu wata mai yaɗo, furenta shunayya, kyakkyawa ta gasken gaske. Maƙwabta suka yi ta roƙo, shi kuma ya yi ta rabawa. Ba a jima ba ta lulluɓe katangun layin, har masu wucewa suna tsayawa ɗaukar hoto, Baba Tiyo yana tafe yana ɗaga kafaɗa.

Matarsa ce ta fara ganin ɓarnar. Mura ta kama jikarsu, sai matar ta je kangon da ke ƙarshen layi tsinko wani ganye mai ƙamshi da ta saba dafa wa yara, ta tarar babu ko ɗaya. Mai yaɗon ta haye komai, ta shaƙe ƙananan itatuwa, ƙasan ya zama duhu. Ta dawo ta same shi yana ban ruwa.

"Malam, baƙinka sun kori masu gida," ta ce.

Ya je ya ga ɓarnar da idonsa. Amma da ya zauna yana jujjuya ganyayen, sai wani abu ya ɗauke masa hankali. 'Yan tsirarun ganyen gida da suka rage duk tsutsa ta huda su, awaki sun gwaguye su, na baƙuwar kuwa sumul, ko ƙwaro bai sauka a kai ba. Ya miƙa wa wata akuya, ta shinshina ta kau da kai. Ya koma gida kusan da gudu, yana gaya wa matarsa cewa ya gano sirrin: baƙuwar ta baro masu cin ta a can garinsu, nan kuwa ba wanda ya san ta balle ya taɓa ta. Ta ce to madalla, yanzu sai ya ɗauko adda.

Haka aka yi. Ya bi gida gida yana ba da haƙuri, ya tara maƙwabta, aka sare, aka tone saiwa, aka ƙone. Aikin ya ci su damina guda, don ko guntun reshe aka bari sai ya tofo.

Ana cikin wannan wata tambaya ta hana shi sakat: shin na gida ma suna zuwa ƙasar wasu su yi irin wannan rashin kunya? Ya aika da tambayar ga ƙanen matarsa, ma'aikacin jirgin ruwa, abokin tsokanarsa. Shiru, shiru, sai ga hoto ya shigo wayarsa yana tsakar wankin wata tanka. Fili ne iya ganin ido, cike da tumfafiya, wannan dai da ke tsirowa a kan juji ba mai kallon ta, ga wasu mutane da injuna suna fama da ita. Muryar ƙanen ta biyo baya:

"Yaya, ga 'yar gidanku nan ta haye teku. Ta hana mutanen nan sakewa, sun ce a gaya maka ka zo ka kwashe abarka."

Baba Tiyo ya saki tiyon yana ta feshi, ya bi gareji mota mota yana nuna wa direbobi, yana dariya har da hawaye. Ya ce ashe kowa salihi ne a gidan ubansa.

Bayan haka ya haƙa rami a bakin kwatar don laka ta riƙa taruwa a wuri ɗaya, baƙin da ya ga dama ya ajiye kuma ya tsare su a tsofaffin tayoyi a kan siminti, yana cire furensu kafin su zuba iri. Ya roƙi mai garejin ya bar masa filin bayan katanga, aka bar masa. Yanzu direbobi in za su bi ta ƙauyuka, shi ke ba su saƙo su ƙullo masa irin itatuwa da ciyayin da suka ɓace a cikin gari. Matarsa ce ke zaɓen abin da za a shuka, kuma ta riga ta shata masa iyaka da ƙafarta: rabin filin nata ne.