Taku Huɗu a Filin Maƙwabci

Gidan mahaifinmu na unguwar Trikania a Kaduna ni ya faɗo wa a rabon gado, kuma da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Zariya, sai na ce ɗan kawuna ya saya. Yana aiki a masaƙa a Kakuri, ga 'ya'ya biyar, ga mai gidan haya ya ba shi wata guda ya tashi. Ni a tunanina, dattawa su taru a shafa Fatiha, in miƙa makulli, shi ke nan. Lauyan da muka samu a Barnawa ya yi dariya. Ya ce, "Malama, ko ga ɗan da kika haifa za ki sayar, sai ofishin ƙasa ya amince, kuma sai safiyo ya auna."

To, safiyo ya zo da tef ɗinsa, ya yi ta tone-tone yana neman turakun siminti na iyaka. Uku suka fito lafiya. Na huɗun kuwa sai ga shi a tsakiyar madafarmu, ƙarƙashin murhu! Ashe madafar da ɗakin baya sun shiga filin maƙwabcinmu da taku huɗu. Lauya ya ce hanya biyu ce: ko maƙwabci ya rubuta cewa ya bar mana, ko a rushe. In aka rushe, ragowar ɗakuna biyu ba za su ɗauki mutum bakwai ba.

Maƙwabcin nan tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Kirista daga kudancin jiha, abokin hirar mahaifina. Ni kuwa shekara biyu ba na yi masa magana. A kan me? Ruwan kwata. Na tsaya jikin katanga na zazzage masa rashin kunya, har da ce masa tsoho marar ta-ido, unguwa na ji. Bakina ba ya da linzami, na sani. Bayan nan kullum da safe zai ce, "'Yata, an tashi lafiya?" in kau da kai.

Kwana uku ina kai gwauro ina kai mari. Ranar Asabar da hantsi na ɗauki takardar da lauya ya tsara na shiga gidan maƙwabcin. Na same shi yana wanke kekensa. Na durƙusa, na soma kame-kame a kan safiyo da turke. Ya ɗaga min hannu.

"Na sani," in ji shi. "Ni na riƙe wa babanki igiya ranar da aka ja layin ginin. Lokacin an kawo kakarku daga ƙauye ba ta da lafiya, babu inda za a kwantar da ita. Na ce ya shigo da ginin cikin filina."

Na ce, "Baba, ka sani? Duk abin da na yi maka, ba ka taɓa faɗa ba?"

"Babanki na ba, ba ke ba. Me zan faɗa miki?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya sa tabarau, ya karanta takardar layi-layi da yatsa, sannan ya ce Litinin zai je wurin lauya da ƙafarsa, don kada wata rana 'ya'yansa su ce an yi masa wayo. Ya je kuwa, har da babban ɗansa a matsayin shaida. Ɗan kawuna ya tare kafin watan ya cika. Har gobe in na tuna maƙwabcin nan sai na yi masa fatan alheri.

A ofishin lauya ranar Litinin ɗin, da tsohon ya ɗauki biro, lauya ya tambaye shi ko yana da wani sharaɗi da za a rubuta. Bai dube ni ba.

"Ba na rubutawa ba ne," ya ce. "Wanda zai shiga gidan, in na gaishe shi, ya amsa."