Masu Ɗiban Wuta a Gindin Tsamiya

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, wallahi tallahi. Zamanin Nasara ne, ina tuƙa wata ƙaramar mota ta wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa a Maraɗi, Mushe muke ce masa. Da rana in ya shiga barcinsa sai in kai motar gindin wata tsamiya a bayan sito, in wanke ta, in tafi gida cin tuwo, don ni ban iya cin abincin kasuwa.

To, sai motar ta ɓullo da wani hali. Da safe lafiya lau, mu je garin Tsibiri mu dawo tana ruri, amma in ta huta ƙarƙashin tsamiyar nan, la'asar na yi sai ka murɗa makulli shiru, batir babu wuta ko ta kunna fitila, sai turi. Makaniki ya duba dinamo, ya kankare kawunan batir, ya ƙara masa ruwa, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba. Aka sa sabon batir, kwana biyu shi ma ya mutu. Mushe ya ce ni ke satar motar ina yawo, in ta sake mutuwa in ajiye masa makullinsa. Ga iyali!

Rannan na haƙura da tuwon, na cire wayar batir ɗin gaba ɗaya, na zauna gadi. Ni kuwa Allah ya ba ni kunne. Rana na take tsaka sai na ji ƙus-ƙus ƙarƙashin murfin inji, sannan fuu, fuu, kamar mace na hura garwashi. Na ɗaga murfin, ba ko ƙadangare. Na mayar da waya, batir ya mutu murus.

Ina tsaye baki buɗe sai ga wata tsohuwa 'yar Jiratawa, cikin masu bin al'adar iskoki, da ke kawo mana daddawa. Na ba ta labari, ta dubi caɓin da ke gindin itacen.

"Ɗana, nan kake zubda ruwan wankin?"

"Nan ne, Inna."

"Da sallama?"

Na ce wa zan yi wa sallama, tsamiya?

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta nuna batir ɗin. "Kai da ganinka ba ka taɓa girki ba. Kullum kana kashe ma mutane murhu, ina kake so su ɗebo wuta in ba wurin maƙwabci ba? Kai ka ce akwatin ga wuta gare shi."

Na ce ai ba irin wannan wutar ba ce, Inna. Ta ce in je in yi musu bayani.

Washegari na wanke motar can nesa, na ɗebo garwashi a kasko daga murhun matata, na ajiye a gindin tsamiyar, na ce salamu alaikum, a yi haƙuri, ina jin kunyar kada wani ya gan ni. La'asar na murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya, kuma ba ta ƙara mutuwa ba har na bar aikin don kaina.

Amma da na je ɗaukar kaskon, babu gawayi, babu toka, an share shi tas. Gyaɗa ce soyayya a ciki, cikin tafi ɗaya, da zafinta. Ban ci ba, ban kuma zubar ba, na dai ce na gode, na ja da baya.

Makanikin ya ce sanyin ƙasar wurin ne ke shanye batir. Wataƙila. Ni dai har gobe in na ji ana hura wuta sai tsigar jikina ta tashi. Ku kuma, in za ku watsa ruwa a gindin itace, ku yi sallama tukuna, ba ku san wa ya ɗora tukunya ba.