Ranar da Lawali Wanzami Ya Mayar da Aska Cikin Zabira

Duk wanda ya san Gwandu da sassafe ya san Lawali Wanzami. Da an fito sallar asuba yake shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ya zazzage zabira, ya hau wasa askake kafin kan farko ya iso. Ni kaina ya daɗe yana riƙe da ƙeyata, yana aski yana tsokanata wai kaina ya fi ƙarfin hular kasuwa. Hantsi na yi sai ya ɗaure zabira a bayan tsohon babur ɗinsa, wanda ba ya tashi sai an tura, ya nufi gidan suna a Maruda ko wajen wani dattijo mai son ƙaho a gadon baya. A watan nan ya miƙa wa babban ɗansa zabirar, don hannu ya soma rawa. Ba wanda zai kira taro dominsa, ba kuma wanda zai rataya masa lambar yabo. To ni dai ba zan yi shiru ba.

Ba don iya aski nake jinjina masa ba, masu iya aski suna da yawa. Don wata aska da ya ƙi amfani da ita ne.

Gidan wani mai suna Shamsuddeen makiyaya ne da suka daɗe a gefen Gwandu kafin su koma wajen Dangoma ta ƙasar Kalgo. Sun canja mazauni amma ba su canja wanzami ba, domin a wajenmu wanzamin gida gado ne. Wata damina Shamsuddeen ya aiko a kira Lawali. 'Yarsa Mufida, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, kuncinta ya kumbura, haƙoranta na gefen suna girgiɗi. So suke a yi mata sakiya a huta. Kafin ya iso har kakarta, Inna Binta, ta hura wutar gasa ƙarfe.

Shamsuddeen ne ya ba ni labarin da bakinsa. Ya ce Lawali ya tsuguna ya danna kumburin, ya ji shi tauri, ba ɗumi, yarinyar ko motsawa ba ta yi ba. Ya tambaya yaushe ya fara, aka ce bai kai wata ba. Sai ya mayar da askarsa cikin zabira ya ɗaure.

"Shamsu, wannan ba na aska ba ne. Ɗauko ta mu tahi asibiti."

Inna Binta ta ce, "Ubanka ya yi wa mijina sakiya, kai ka yi wa ɗana. Yau 'yar ƙanƙanuwar ga ce ta gagare ka?"

"Inna, in na tsaga wurin ga jini kawai zan fitar. Ciwon yana nan zaune."

Ba bokanci ya yi ba. Wata nas ce a ƙaramin asibitin Kalgo, Comfort, mutuniyar kudancin Kebbi, ta taɓa tara wanzamai ta nuna musu hotunan yara masu irin wannan kumburi, ta roƙe su kada su sa ƙarfe. Da yawa sun ji sun watsar, shi ya riƙe. Wurinta ya kai Mufida, ita kuma ta tura su babban asibiti a Sakkwato. Aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne, amma irin wanda ke jin magani in an bi shi har ƙarshe.

Kun san abin da mutanenmu ke faɗa, wai daji ba ya son allura, da an yi masa sai ya fusata. Da wannan fargabar aka sa wa Mufida maganin farko ta jijiya. Cikin ikon Allah kumburin ya soma sacewa, aka sallame su da sharaɗin su dawo a ci gaba. A gida ne abin ya lalace. Uwar yarinyar tana taje mata kai sai gashi ya biyo matajin, dunƙule-dunƙule. Inna Binta ta ɗaura wa jikarta ɗankwali ta rantse ba mai sake kai ta, tunda kumburi ya tafi kuma ga allura ta fara cinye yarinya daga sama. Shamsuddeen bai iya musu da uwarsa ba. Ranar komawa ta zo ta wuce.

Comfort ta kira Lawali a waya ta gaya masa gaskiya: in aka tsaya a nan, ciwon zai dawo, kuma da wuya ya sake jin magani. Ta ce ita ta je an tsayar da ita a ƙofar gida, an ba ta fura, an yi mata godiya. Wanzamin gida kuwa ba a tsayar da shi a ƙofa. Ya sa aka tura masa babur, ya kama hanyar Dangoma, ya yi sallama ya shige har inda matan suke. Ya kira Mufida, ya kwance ɗankwalin, ya dafa kanta.

"Inna, kan ga wa ya fara aske shi?"

"Kai ne, ranar suna."

"Na bar ko sili ɗaya?"

"Ba ka bari ba."

"Kuka kunka yi ko guɗa?"

Tsohuwa ta dubi kan jikarta, shi kuwa ya ci gaba.

"Ya hito ko bai hito ba? To wannan ma zai hito. Ni gashi ba ya ba ni tsoro, na share shekaru ina zubar da shi yana dawowa. Ɗiyar ce nike tsoron mu rasa."

Sai ya tambayi Mufida ko ta yarda ya gyara mata sauran da ya rage. Ta gyaɗa kai. Ya nemi ruwa, kuma Inna Binta ce da kanta ta tashi ta riƙe masa ƙwaryar, hawaye na zuba. Washegari da ita aka shiga motar Sakkwato, kuma ba su sake tsallake ranar asibiti ba har aka gama.

Lawali, mijin Zulai, kai ne ka ajiye abin da ka gada a gaban mutanen da suka kira ka dominsa, ka yarda a ce ka gaza. Kai ne tun daga lokacin ba ka barin gidan suna sai ka tsayar da maza kafin a raba goro, ka ce musu kumburin da ba ya zafi ya fi mai zafi haɗari, farin da ke ƙyalli a idon yaro kamar na kyanwa ba kyau ba ne, zazzaɓin da ya ƙi jin magani a koma a sake aunawa. Wasu na dariya su ce wanzami ya zama likita. Ba duk yaran da ka tura suka rayu ba. Akwai na Maruda da aka kai a makare, ka je gaisuwa ka yi kuka da iyayensa, ka fito ka ci gaba da faɗa. Wallahi ina alfahari da cewa garinmu ɗaya.

Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai lafiya. Sauran wanzamai da ungozomai da masu ɗori, ku ake fara kai wa yaro kafin likita ya gan shi, don haka ku koyi cewa "wannan ba nawa ba ne". Masu iko kuma ku kawo maganin nan kusa da mu, ku tallafa wa masu binciken ciwon, Sakkwato ta yi wa makiyayi nisa.

Mufida tana makaranta yanzu, asibiti sai dubawa jefi-jefi. Da sallar bana mai kitso ta yini a kanta tana mita wai gashin ya yi yawa. Inna Binta na zaune a gefe, ta ce mata, "Yi a hankali, ki bar mita. Mun san yadda munka samo shi."