Rumbun Maigida da Motar Siminti

Ku matso kusa, ku aje surutu, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, amma ba tatsuniya ba ce, don da idona na gani, kuma da kaina aka yi dakon.

A Tsarnawa aka kai ni aure, a wani gida da ke bakin gudron, hanyar da ta fito Ƙonni ta miƙe Malbaza. Maigidana manomi ne, Allah Ya jiƙan shi, mutum mai ɓoye sirrinsa, kuma mai son a san ya yi noma. Kowa a garin bayan gida yake gina rumbunsa. Shi sai ya gina nasa a gaba, dab da hanya, rumbun laka mai ƙaton ciki a bisa duwatsu, da hularsa ta jinka, don matafiya su gani su tambaya na wane ne. Amma abin da ke ciki, wannan ba mai sani. A wurinmu namiji ba ya nuna cikin rumbunsa. In ya cika, dangi su ji su zo. In ya yi ƙasa, gari ya ji ya yi magana. Shi ke kafa tsani, ya hau, ya ɗaga jinka, ya jefo mini dami in sussuka. Na haifi ɗiyana duka a gidan nan ban taɓa leƙa ciki ba.

Ina da ƙane, autanmu, direba ne. Motar wani alhaji yake ja, yana ɗaukar siminti daga Malbaza zuwa Ƙonni da gaba. Tsakaninsa da maigida wasa ne, irin na mutum da ƙanen matarsa. Maigida bai taɓa kiran shi direba ba, sai yaron mota, har furfura ta fito masa. Shi kuma ya kira shi sarkin rumbu. Kowane sawu sai ya tsaya ƙofarmu ya sha fura, ya aje mota gefen rumbu, kuma ba ya kashe ta, don in ta mutu sai an tara majiya ƙarfi sun tura. Sai ta yi ta gurnani, fura na motsi cikin ƙwarya ba wanda ya taɓa ta. Maigida na zagin motar da baki, amma tabarma yake shimfiɗawa inda kowa zai ga a ƙofar wa ta tsaya.

Bayan shekarun farin nan da suka koya mana darajar hatsi, wata rana ƙanena ya iso da wata mota doguwa mai ƙafafu da yawa. Ya ce yanzu an ƙara musu nauyin da za su ɗauka, kayan da ake kaiwa sawu biyu a da, yanzu sawu ɗaya ne. Ko manya na buro, masu ofis, suka yarda, ko masu motoci suka yardar wa kansu, ni ban sani ba. Ban yi lakwal ba, wato boko, kuma ba wanda ya zo ya nemi shawarata. Abin da na sani, tulun ruwana ya fara sauka daga mazauninsa da kansa, gudron kuma ya yi kwari biyu kamar inda shanu ke bi zuwa rijiya.

Ina shara wata safiya na ga tsaga a jikin rumbu. Siririya ce kamar zare, ta taso daga bisa dutse guda ta nufi cikin rumbun. Na faɗa wa maigida. Ya duba, ya ce sawun yatsan magini ne, tun ran gini yana nan. Da tsinken tsintsiya ya fara shiga, ya ce gara ce. Da yatsa ya fara shiga, ya ce bakin mutane ne, ya je wurin malam ya karɓo laya ya rataya. Daga baya ya ɗora wa awakin maƙwabta, wai da jikin rumbun suke susa. Duk abin da ke numfashi a Tsarnawa ya samu rabonsa na laifi, ban da mota. Don in ya ce mota ce, sai ya ce wa ƙanena ya matsa gaba, gaba kuwa ƙofar mai shayi ce, maƙwabcinmu da suke gasar baƙi tun suna samari.

Ƙanena ya ga tsagar. Sawu na gaba ya zo da simintin da ya share daga bayan mota, ya kwaɓa, ya shafe wurin. Maigida ya ji daɗi ƙwarai. Ya riƙa faɗa a gindin bedi, itacen da dattawa ke zama a inuwarsa, cewa nasa ne rumbun farko a garin da ya sha siminti. Ba a daɗe ba simintin ya ɓamɓaro kamar ƙanzon tukunya, ya tafi da lakar da ya tarar. Tsagar da ke shan yatsa ta koma shan hannu. In na zo wucewa sai in kau da kai, don kada in ga abin da ba a nuna mini ba.

Shamuwa ta iso, gabas ta fara haɗa gira. In ruwa ya shiga ta wannan tsaga, abincinmu na shekara ya ruɓe ke nan. Na same shi bayan azahar na ce, “Maigida, a kwashe hatsin nan kafin ruwa.”

Ya ce, “A bakin hanya? Dattawan gindin bedi su ƙirga mini dami ɗaya ɗaya? Ke dai mace ce.”

Na ce na ji, mace ce ni, amma macen ce ke ɗora tukunya.

Ƙanena ne ya kawo dabara. Ya ce ranar kasuwar Ƙonni, da gari ya watse, zai dawo ba kaya, ya gitta motar tsakanin rumbu da hanya, ya ja tamfol daga jikinta zuwa dangar gida. Duk wanda ya tambaya, birki ake gyarawa. Maigida ya ce wannan shawarar yaron mota ce, ba ta da kai, sa'an nan ya tambaya wace kasuwar, ta wannan mako ko ta gaba.

Haka aka yi. Maigida a cikin rumbu yana miƙowa, ƙanena bisa tsani yana karɓa, ni ina ɗauka a ka ina kaiwa ɗakin marigayiya uwar mijina, wanda ba kowa a ciki. Na kai, na dawo, na kai, na dawo, har wuyana ya sage, dami bai ƙare ba. Ɗakin ya cika har rufi, saura ya shiga ƙarƙashin gadona. Ashe mutumin da ke tsuke fuska in na ce dami ya ƙare da wuri, abin da yake zaune a kai ke nan. Na dai dube shi, shi kuma ya dubi sama yana neman hadari. Aka maida wa rumbu hularsa, aka naɗe tamfol, mota ta tafi. Ba wanda ya sani, kuma wannan ne kuskurenmu.

Ba a yi mako ba, bayan la'asar, dattawa na zaune, wata doguwar mota ta wuce da lodi, ba ma ta ƙanena ba. Rumbun ya yi kamar zai rusuna, ya zauna ƙasa gaba ɗaya. Gari ya sheƙo da kwanduna da buhuna don a taya mu tsince hatsi kafin awaki. Aka ɗaga jinka, aka kau da laka. Ba ko zangarniya ɗaya, sai kashin ɓera da wani ƙadangare da ya fito yana gyaɗa kai. Mutane suka tsaya da kwandunansu. Ba wanda ya dubi maigida. Aka ce Allah Ya sawwaƙe, kowa ya juya a hankali.

Da gari ya waye mata suka fara shigowa, kowace da ƙwarya rufe da faifai, tana cewa ga ɗan abin kunun yara. Mai shayi, abokin gasar, ya aiko da rabin dami ta bayan gida don kada a gani. Liman ya yi magana a masallaci a kan mutanen kirki masu ɓoye yunwarsu, bai kama suna ba, amma sahu duka ya sunkuyar da kai. Maigida ya shige ɗaki. Karɓa ta gagare shi, mayarwa ta gagare shi. Ni kuwa ina tsakar gida ina godiya, bayana jingine da ɗakin da ke cike da hatsi.

Sai wata gwauruwa ta zo, mai marayu, wadda na san me ke cikin tukunyarta. Ta aje ƙwaryarta ta fita da sauri. Na ɗauka na kai wa maigida ɗaki na aje gabansa.

Na ce, “Maigida, wannan shi ne na ƙarshe a gidanta. Ni hannuna ba ya iya dafa shi.”

Ya daɗe yana duban ƙwaryar. Sa'an nan ya tashi, ya tuɓe riga, ya buɗe ɗakin uwarsa. Da kansa ya fitar da dami ɗaya ɗaya, ya jera su a bakin gudron, inda rumbun ya zauna. Duk wanda ya tsaya sai ya ce masa sanyi suka ja, iska yake ba su. Dattawan gindin bedi suka ƙirga a natse, wanda ya ɓata lissafi ya sake daga farko. Kowace ƙwarya ta koma gidanta da tozo, ta gwauruwar kuma da dami a bayanta. Labari ya kai Badagishiri, dangin da muka daɗe ba mu gani ba suka tuna da zumunci.

Ana cikin haka ƙanena ya iso, ya leƙo ta tagar mota ya ce, “Sarkin rumbu, kasuwa ka buɗe?”

Maigida ya ce, “Yaron mota, ja jakinka can gaba. Furarka na nan, amma da ƙafa za ka zo mata.”

Sabon rumbu a bayan gida aka gina shi, kamar na kowa, kuma hatsin ya kai mu kaka, ko da yake da kyar, saboda baƙi. Mai shayi ya gaji tsayuwar motar, ya yi ta murna har bangon shagonsa ya tsage, ya ce gara ce. Gwauruwar ta aurar da ɗiyanta, ɗaya a gidanmu. Ƙanena ya ja mota har idonsa ya raunana, yanzu yana Malbaza yana zagin direbobin zamani, wai lodi ya yi musu yawa. Maigida ya rasu bai taɓa cewa mota ce ba. In an tayar da zancen, awaki yake kamawa. Ni kuma ga ni, tsani ya fi ƙarfin gwiwata, amma tun daga ranar nan ba a sake tsuke mini fuska a kan dami ba.