Ranar da Na Aske wa Yayata Kai

A shekarun da aka ba mu mulkin kai, babu abin da ke tayar mini da zuciya a Agiye irin in ga ƙato ya ɗaura zane wai shi mace ne. Samarin garin sun kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo, wani mushen lakol, wato malamin boko, shi ne shugabansu. Ba su da takarda. Mushe zai tara su a gindin gawo ya ba su labari da baki, kowa ya je ya nemo maganar da zai faɗa. To amma mace ba ta hawa dandali, don haka in labari ya zo da mace sai a nemo namiji. Ya cusa tsummoki a ƙirji, ya zuba hoda har ta toshe masa gira, ya matse murya kamar akuyar da ta maƙale a danga, yana karairaya. Wai mu ke nan. Tir!

Kuma akwai ƙa'ida. In an gama wasa, wanda ya fito a mace zai dawo tsakiyar fili ya fizge ɗankwali, ya nuna wa jama'a kansa ƙwal. Nan ne ake tafin gaske. Malamai su saki rai, dattawa su gyaɗa kai, kowa ya tabbata ba a zubar da mutuncin 'yar kowa ba.

Macen ƙungiyar tamu wani tela ne, siriri, mai son kansa kamar me. Abin da ya sani game da mata bai wuce awon rigarsu ba. Da ya ga ba ya ba kowa dariya sai yara, sai ya fara zuwa gidanmu wurin Yaya.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu, muna zaune tare muna matsar man gyaɗa da toya ƙuliƙuli. Doguwa ce, muryarta da kauri, tafin hannunta ya yi kanta saboda taɓarya. Allah ya ba ta ido da kunne. In ta kalli mutum sau ɗaya, shi ke nan ta ɗauke shi. A bakin rijiya takan yi mana tarin da suruka ke yi kafin ta shigo ɗaki, ko tafiyar matar jandarma ranar da ta sa sabon takalmi, sai ka ga mata sun saki igiyar guga. Telan nan zai zauna a ƙofar gida tana nuna masa, yana kallo baki buɗe, gobe ya hau dandali ya lalata komai.

Da bikin cikar shekarar mulkin kai ya zo, aka gayyaci ƙungiyar zuwa Gazawa. Aka ɗauke mu ni da Yaya mu dafa masu tuwo, muka zauna can bayan kamyo, babbar motar kaya, tare da tukwane. Muna isa tela ya faɗa kasuwa, ya ci balangu ya bi da fura, ya ƙara da wani abin da shi kaɗai ya sani. Kafin la'asar yana bayan danga yana kiran uwarsa. Jama'a sun cika fili, kumandan mai mulkin yankin ya zauna, babu mace. Mushe ya zo wurin murhu yana zufa ya ce wa Yaya, "Baiwar Allah, ki rufa mana asiri. Nan ba wanda ya san ki."

Suka lafta mata hoda da kwalli irin yadda suke yi wa tela, har ni sai da na sake dubawa. Labarin na wani mutum ne da ya samu aikin share buro, wato ofis, ya dawo gida yana cewa daga yau shi a tebur zai ci tuwo, da cokali. Yaya ta fito a matarsa. Ba ta matse murya ba, ba ta karairaya ba. Zama kawai ta yi da faifai a cinya tana tsince tsakuwa daga gero, mijin yana ta zuba, ita tana ɗago kai ta dube shi daga hula zuwa takalmi, ta ce "To," ta mayar da kai. Wannan "to" ɗin ya kashe mutanen Gazawa. Mata suna riƙe ciki, don kowace ta taɓa faɗin irinsa a ɗakinta.

Da aka gama ta ruga bayan fage da ɗankwalinta a ka. Mutane suka fara gunaguni. Mushe ya fito ya ce yaron kunya gare shi, a yi haƙuri. Wani dattijo daga cikin alƙalan wasa ya kira Mushe gefe, ni ina tsaye da muciya a hannu, ya ce yaron ya iya ƙwarai, aibinsa ɗaya ne, muryarsa ta yi kauri, mace ba ta magana haka. Ya kamata ya riƙa zama kusa da mata yana saurare. Mutumin nan matansa uku, jama'a. Ban san da wa yake zaune a gidan ba.

Labarin "yaron Agiye" ya bazu. A gida tela ke hawa dandali, mutane suna mamakin me 'yan Gazawa suka gani. Shi ko kunya babu, yana karɓar yabo a shagonsa yana cewa iskar baƙon wuri ce ke buɗe masa basira.

Bayan damina sai ga gayyata daga Gidan Rumji. Aka ce baƙi za su zo daga babban birni, suna neman 'yan wasa saboda wani akwati mai hoto da aka fara sakawa a wasu lakol, wanda daga baya muka san shi da talabijin. Wanda suka zaɓa za su tafi da shi. Mushe ya zo gidanmu, ya sha furarmu har ya side ludayi, sannan ya ce Gobirawan can ba su da haƙurin 'yan Gazawa, in ba a cire ɗankwali ba za su hau dandali su cire da kansu. Ko dai tela ya yi wasan, ko Yaya ta aske kai. Haka ya faɗa, ido a bushe. Ya ƙara da rantsuwa cewa da zarar baƙin sun zaɓe ta, shi da bakinsa zai gaya masu gaskiya.

Yana fita Yaya ta ce in tsefe mata kitso. Na ce, "Yaya, kin haukace? Don wasan banza?" Ta ce, "Ke dai tsefe. In suka ɗauke ni za su san ko ni wace ce. Sau ɗaya dai a ce mace ce ta yi." Ba dama a kira wanzami, don kafin ya goge askarsa duk Agiye ta ji. Ni na yi, da reza, a bayan ɗaki, da hantsi, yara sun tafi allo. Gashinta mai cika ne, sai da na fara da almakashi. Ina yi ina kuka ina zaginta, ita tana kwaikwayon yadda nake jan majina. Na yanke ta a bayan kunne, ba ta ko motsa ba.

A Gidan Rumji an yi wasan a filin kasuwa bayan la'asar. Ban taɓa ganin taro irinsa ba, har kan buhunan hatsi mutane suka hau. Yaya ta yi abin da ya fi na Gazawa. Na ji wani Bagobiri kusa da ni yana cewa, "Wanga yaro, ko uwatai ba ta hi shi zama mace ba!" Da aka gama ta dawo tsakiya, ta tsaya, ta fizge ɗankwali. Fili ya ɗauki ihu. Ni kuwa yankan bayan kunnen nan kawai nake kallo.

Baƙin suka taso, wani Bature mai na'urar hoto a wuya da tafintansa mai ɗaure da laktaye cikin wannan zafi. Yaya ta dubi Mushe. Mushe ya dubi takalminsa. Sai ta buɗe baki da kanta ta ce, "Ranka ya daɗe, ni mace ce. 'Ya'yana biyu suna Agiye."

Tafinta ya fashe da dariya har sai da ya dafa gwiwa. Ya juya wa Bature magana, shi ma ya hau tafi. Na kutsa na ce wallahi yayata ce, nono ɗaya muka sha. Sai suka ƙara ƙyaƙyatawa, sun ɗauka ni ma cikin wasan nake. To wa zai ga laifinsu? Sun ga kai ƙwal da idonsu, kuma a ƙasar nan duk kan da ya fito ƙwal daga ƙarƙashin ɗankwali na namiji ne. Nan Mushe ya samu murya. Ya ce, "Haka yake, ba ya fita daga wasa sai ya wanke fuska. Ku same mu a masauki."

A masauki aka tura mu bayan zana mu ɗora tukunya. Ta jikin zanar muna hango tela zaune a kan tabarma da farar riga, an yi masa sabon aski, yana sunkuyar da kai wai shi mai kunya. Ashe tun a Agiye suka shirya. Mushe ya yi lissafinsa: in ta fito cewa ya hau da mace dandali a garuruwa biyu ya yaudari dattawa, kashinsa ya bushe, in kuma tela aka ɗauka, shi ne mai rakiya zuwa birni. Na ɗauki muciya zan fita. Yaya ta riƙe mini zane ta ce, "Ki je ki ce me? Na faɗa, kin faɗa. Me ya rage in nuna masu? Tuɓewa zan yi?" Ta zauna ta ci gaba da hura wuta. Tuwon da muka tuƙa, baƙin nan har suka yaba shi.

Muka koma Agiye da kan Yaya a aske. Na ce wa mata ciwon kai ne ya matsa mata aka yi mata magani. Wasu suka yarda, wasu suka ce taɓin aljanu ne, aka rage zama kusa da ita a rijiya. Ita ma ta rage kwaikwayo. Gashi ya tsiro, amma Mushe bai sake tako ƙofarmu ba, ko sannu.

Tela kuwa ya zauna a birni. Na ji an ce da suka sa shi gaban na'ura suka ga ba haka suka gani a Gidan Rumji ba, sai suka ce tsoron injin ne ke damun ɗan ƙauye, a ba shi lokaci. Aka ba shi lokaci har ya tsufa a ciki. Maza akwai haƙuri da junansu. Da talabijin ta iso garinmu muka gan shi da faifai a cinya yana tsince gero, yana zubar da tsaba yana barin tsakuwa, yana cewa "to" da muryar akuya. Da mata suka fara fitowa a wasan dariya da fuskokinsu da sunayensu, sai aka riƙa cewa shi ya share masu hanya, shi ya fara nuna mace ta gaskiya. Ana kiransa uban 'yan wasa. Uban wa?

Cikin matan da suka fito daga baya har da jikar Yaya, 'yar ɗanta. Yarinyar ta iya, ba ƙarya, idon kakarta ta ɗauko. Wata sallah ta zo gaishe mu, Yaya ta tsufa tana kwance a tabarma, yarinya tana ta ba mu labarin yadda ta je ta durƙusa gaban tsohon telan nan ya sa mata albarka. Na kasa haɗiyewa. Na zaunar da ita na faɗa mata komai, tun daga balangun Gazawa har zuwa rezar da na riƙe da hannuna.

Ta saurara har ƙarshe, sai ta tuntsire da dariya ta ce, "Kai, Kaka, ashe ke ma kin iya shirya wasa! A zamaninku ai mata ba su hawa dandali, kowa ya sani."

Na juya wurin Yaya, na ce ta yi magana mana. Ta dubi yarinyar, ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Ƙyale ta. Gaskiya ta faɗa, ba wanda ya ga mace a wurin."